Furosesar Da Aka Kulle: Ana Iya Ƙara Mata Gudu, Amma Ba A Nan Gizo Ke Saƙar Ba

Duk wanda ya gaji da buga gem a waya, ya fara tara kuɗin haɗa kwamfutar tebur, ba ya daɗewa sai ya ci karo da kalmar obakilok, wato tilasta wa furosesa ta yi gudu fiye da yadda kamfani ya saita ta. Daga nan sai tambaya ta biyo baya: tawa furosesar ba ta da harafin K a ƙarshen sunanta, an ce a kulle take, shin akwai dabarar buɗe ta don gem ya daina tsinkewa?

Amsar gaskiya ita ce ana iyawa, amma a kan furosesoci ƙalilan, da madabod ƙalilan, cikin sharuɗɗan da mafi yawanmu ba mu cika su ba. Ra'ayina kuma shi ne, ko da ka cika sharuɗɗan, wannan kullen ba shi ne ke hana gem ɗinka tafiya sumul ba. Wanda ya ɓata kuɗi da lokaci yana neman makulli, yawanci ya bar ainihin ciwon a gefe ne.

Me aka kulle ma tukuna?

Gudun furosesa lissafi ne mai sauƙi na lambobi biyu. Akwai agogon tushe, wanda za ka gani a BIOS da sunan BCLK, kuma a kwamfutocin zamani yana kan 100 MHz. Sai lambar ninki. Ka ninka su, ka samu gudun furosesa. Misali Core i5-12400 tana kaiwa 4.4 GHz a ƙololuwar gudunta, wato 100 sau 44. Furosesar da aka ce a buɗe take, irin su i5-12600K, tana ba ka dama ka canza 49 ɗinta zuwa 50 ko 51 da hannunka, muddin madabod ɗinka mai cifset ɗin Z ne. Wadda aka kulle kuwa, lambar ninkinta tana da iyaka da aka dasa a jikin ita kanta furosesar tun daga masana'anta. Ba saiti ba ne a cikin Windows da wani zai ɓoye maka.

Wannan ya kamata ya rufe wata magana tun kafin a yi nisa. Duk bidiyon da ya ce ka sauke wata manhaja za ta buɗe maka furosesar da aka kulle da dannawa ɗaya, ƙarya yake yi. Idan ka yi sa'a, manhajar ba ta yin komai. Idan ba ka yi sa'a ba, ka buɗe wa ɓarawo ƙofa da kanka, ya kwashe kalmomin sirrin da burauzarka ta adana, ko ya mayar da kwamfutarka wurin haƙar kuɗin kirifto yana cin wutarka. Ku da kuka saba da waya kun san irinsu: manhajojin da ke cewa za su ƙara wa waya RAM ko su sanyaya batir, alhali talla kawai suke nuna maka. To ƙannensu ne. Ko manhajar Intel ta kanta, XTU, idan ka buɗe ta a kan furosesar da aka kulle, za ka tarar wurin canza lambar ninki a dushe, ba ya taɓuwa.

Tunda lamba ɗaya ta ƙi motsi, saura ɗaya: agogon tushe. Duk tarihin ƙara wa furosesa mai kulle gudu a kan wannan lambar ya ta'allaƙa.

A da can abin yana aiki ƙwarai. A 1998 Intel ta fitar da Celeron 300A, furosesa mai araha da ke gudu a 300 MHz, lambar ninkinta 4.5 a kulle. Mutane suka gano cewa idan suka ɗaga agogon daga 66 zuwa 100 MHz, sai ta koma 450 MHz, ƙarin rabi cur, tana gogayya da Pentium II mai tsada. Irin wannan labarin ne ya haifar da tunanin da har yau yake yawo, cewa akwai gudu na kyauta da kamfani ya ɓoye, mai wayo ne kawai ke ɗauka.

A 2011, da zuwan zuriyar Sandy Bridge, wato su i5-2400 da i5-2500K, Intel ta ɗaure agogon tushe da sauran sassan kwamfuta. Hanyar da katin girafik ke magana da furosesa, da hanyar ma'ajiyar bayanai, duk suka koma dogaro da wannan agogo ɗaya. Ka ɗaga shi da yawa, ba furosesa kaɗai za ta ji ba: kwamfuta za ta ƙi tashi, ko ta riƙa daskarewa, ko bayananka su lalace. Abin da ake iya samu lafiya bai wuce 102 ko 103 MHz ba. Yi lissafin da kanka. Ƙarin kashi 3 cikin 100 ne. Ko da duk ƙarin ya shiga gem kai tsaye, wanda ba ya faruwa, mai samun firam 60 a daƙiƙa bai kai 62 ba. Babu idon da zai ga wannan bambanci.

Sau biyu ƙofa ta buɗe sosai bayan nan, kuma yana da kyau ka san su, domin yawancin bidiyoyin da ke ruɗin mutane daga waɗannan lokuta biyu suka fito.

Na farko a ƙarshen 2015 ne, a zuriya ta 6, Skylake. Intel ta raba agogon tushe da sauran sassan, sai kamfanonin madabod irin su ASRock suka fitar da BIOS na musamman da ke barin a ɗaga agogon a kan furosesa marar K. Core i5-6400 mai 2.7 GHz ta riƙa haura 4 GHz. Amma da tsada ta zo: girafik ɗin cikin furosesa yana mutuwa, Turbo yana kashewa, dabarun rage shan wuta suna tsayawa, ayyukan da ke dogaro da umarnin AVX suna raguwa matuƙa, sannan yawancin manhajoji ba sa iya karanta zafin ƙwayoyin furosesar daidai. Ka ga kana tuƙi da gudu ke nan, allon motar a mace. A farkon 2016 Intel ta fitar da sabuntawa ta rufe hanyar.

Na biyu a Janairun 2022 ne, a zuriya ta 12, Alder Lake. Bajamushen nan Roman Hartung, wanda aka fi sani da der8auer, ya nuna cewa madabod mai ɗauke da na'urar agogo ta daban a jikinsa yana iya ɗaga BCLK a kan furosesa mai kulle. Ya kai i5-12400 sama da 5 GHz, ya kuma kai ƙaramar Celeron G6900 mai 3.4 GHz sama da 5 GHz ita ma. Wannan ba wasa ba ne, ƙari ne na gaske. Daga baya aka samu madabod masu cifset ɗin B660 da ke da wannan na'ura, kamar ASRock B660M PG Riptide da MSI MAG B660M Mortar Max. Intel ta ce garantinta bai shafi wannan ba, kuma da zuriya ta 13 ta zo, aka sake toshe hanyar.

Akwai wata 'yar ƙaramar taga da ake mantawa da ita. Wasu i5 da i7 marasa K na zuriya ta 2 da ta 3 suna yarda a ƙara musu mataki huɗu, wato 400 MHz, a kan gudun Turbo, idan madabod ɗin irin su Z68 ko Z77 ne. Core i5-3470 mai 3.6 GHz na iya taɓa 4.0 GHz ta wannan hanya. Da zuwan zuriya ta 4 a 2013 aka cire wannan ma.

Ba zan kare Intel a nan ba. Gaskiya ne ana tantance furosesoci a masana'anta, waɗanda suka fi jure gudu a ware su a sayar da tsada. Amma abin da ya faru a Alder Lake ya nuna cewa da yawa cikin masu arahar suna da ƙarfin da aka hana su nunawa, don kada su kashe wa masu tsadar kasuwa. Kasuwanci ne, ba tausayin mai saye ba. AMD ta fitar da Ryzen a 2017 da lambar ninki a buɗe tun daga ƙanana har manya, kuma duniya ba ta tashi ba. Sai dai jin haushin kullen daban, yanke shawarar inda za ka sa kuɗinka daban.

Kwamfutar da ke gabanka

Mu dawo ƙasa mu dubi abin da ke hannun mutane. Wanda ya je Beirut Road a Kano, ko Banex a Abuja, ko ya yi oda daga Computer Village a Ikeja yana neman kwamfutar tebur mai sauƙin kuɗi, abin da zai fi samu shi ne tsofaffin kwamfutocin ofis na hannu: Dell OptiPlex, HP EliteDesk, Lenovo ThinkCentre, da furosesa irin su i5-4570 ko i5-6500 ko i7-6700. Kwamfutoci ne masu ƙarko, ba na raina su. Amma an ƙera su ne don ma'aikacin banki ya buɗe Excel, shi ya sa BIOS ɗinsu ba shi da wurin taɓa agogon tushe, ba shi da wurin taɓa boltej, galibi ko gudun RAM ba ya bari ka canza. Akwatin wutarsu ƙarami ne, musamman sirara daga cikinsu, fankarsu kuma an auna ta daidai da zafin da furosesar ke fitarwa a saitin kamfani. A kan irin wannan kwamfuta, tambayar obakilok ba ta ma taso ba.

Wani zai ce ai akwai BIOS da aka yi wa kwaskwarima a intanet. Akwai. Amma ka tuna me ake nufi da sauya BIOS: ana goge ɗan ƙaramin shirin da ke tayar da kwamfuta ne a rubuta wani. Idan fayil ɗin bai dace da madabod ɗinka ba, ko aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutawa, kwamfutar ba za ta sake nuna komai a allo ba, sai an kai wa mai gyara da ke da na'urar rubuta cif ɗin kai tsaye, in an dace. A garin da ake ɗauke wuta babu sallama, wanda zai yi wannan ba tare da UPS ko inbata ba, caca yake yi da dukiyarsa.

To a ce kai sabuwa kake haɗawa, kuma i5-12400 ce a ranka. Madabod mai na'urar agogo ta daban ya fi na talaka tsada, kuma ba kowane shago ke da shi ba. Fankar da ke zuwa cikin kwalin furosesar ba za ta iya da 5 GHz ba, sai ka sayi babba. Akwatin wuta ma sai mai kyau. Ka tara waɗannan ƙarin kuɗaɗen, za ka ga sun isa su ɗaga ka daga katin girafik ɗaya zuwa na gaba da shi, ko su saya maka furosesar da ta fi wannan tun farko, da garantinta. Kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu.

Sannan ga zafi, wanda masu bidiyon Turai ba sa fama da irin namu. Ƙarin gudu yana buƙatar ƙarin boltej, kuma wutar da furosesa ke sha tana hawa ne daidai da gudu, amma tana hawa da boltej ninki biyu, wato boltej sau boltej. Idan ka ƙara gudu da kashi 20, ka ƙara boltej da kashi 10, lissafin shi ne 1.2 sau 1.1 sau 1.1, ya ba ka kusan 1.45. Wuta ta ƙaru da kashi 45, kuma duk wutar nan zafi take komawa a cikin akwatin. Wanda ya gwada a ɗaki mai sanyin digiri 21 ba daidai yake da kai ba da ke zaune a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, ana digiri 40 a inuwa. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take turawa. Mafi yawan furosesocin Intel na tebur idan suka kai wajen digiri 100 sai su rage gudu da kansu don kada su ƙone. Kun san wannan a waya: ka fara PUBG lafiya, bayan minti ashirin bayan wayar ya ɗau zafi, gem ya fara ja. Haka za ka ƙara wa furosesa gudu a BIOS, zafi ya karɓe abin da ka ƙara har da riba. Idan kuma a kan sola ko inbata kake, batirinka ne zai biya bambancin.

Boltej mai yawa kuma yana cin furosesa a hankali, ba sai ta yi hayaƙi ba. A 2024 Intel da kanta ta amsa cewa wasu furosesocinta na zuriya ta 13 da ta 14 suna lalacewa saboda boltej da ya wuce kima, gem na rufewa da kansa, kwamfuta na faɗuwa. Ta fitar da gyara ta hanyar BIOS, ta ƙara wa garantinsu shekara biyu, amma wadda ta riga ta lalace ba ta warkewa, sai dai a canza ta. Idan injiniyoyin da suka ƙera abin za su iya zarce iyaka haka, ka yi tunanin mai kwafar lambobi daga bidiyon wani.

Waye ke jan ƙafa, furosesa ko kati?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara da ita, kuma amsarta kyauta ce.

Kowane firam da ka gani a allo aikin mutum biyu ne. Furosesa tana lissafin abin da ke faruwa: ina 'yan wasa suke, ina ƙwallo ta nufa, harsashi ya samu wa. Katin girafik kuma shi ke zana hoton. Kamar mai markaɗen wake ne da mai suyar ƙosai. Idan kaskon ƙarami ne, ko an kawo ƙullu bokiti goma, ƙosan da zai fita a lokaci guda bai canza ba. A yawancin kwamfutocin masu ƙaramin ƙarfi, kaskon ne ƙarami. Mai GTX 1050 Ti ko GTX 1650 ko RX 580 da ke buga GTA V ko Warzone a 1080p, kusan kullum katin ne ya cika, furosesa tana jiransa. Ka ƙara mata gudu, ta ƙara saurin zuwa layin jira ne kawai.

Ga yadda za ka gane. Sauke MSI Afterburner daga shafin MSI na ainihi, domin akwai shafukan bogi da ke raba shi haɗe da ƙwayar cuta. Kunna bayanan da yake nunawa a kan allo yayin gem: yawan aikin katin girafik, zafin furosesa, gudunta, da adadin firam. Idan katin yana kan kashi 97 zuwa 100, shi ne iyakarka, ka bar furosesa ta huta. Idan katin yana yawo a kashi 60 ko 70, kuma ba ka sa wa firam iyaka ba, to a nan ne za a fara zargin furosesa ko RAM. Kada ka dogara da jimillar aikin furosesa kawai, domin gem na iya cika ƙwaya ɗaya taf, sauran suna hutawa, jimillar ta nuna maka kashi 40. Gwaji na biyu ya fi sauƙi: rage girman hoto daga 1080p zuwa 720p. Firam ya yi tsalle sama? Katin ne. Ya tsaya inda yake? Ba katin ba ne.

Akwai gem ɗin da furosesa ke da tasiri sosai a cikinsu, irin su Counter-Strike 2 da Valorant, inda ake neman firam ɗari biyu ko fiye. Amma ka dubi monitarka. Idan mai 60 Hz ce, kamar yawancin na hannu da ke kasuwa, hoto 60 kawai take iya nunawa a daƙiƙa. Tashi daga firam 140 zuwa 155 lamba ce a kusurwar allo.

Kuma kada mu manta da abin da ke faruwa a gem na intanet. Da yawa cikin abin da muke kira tsinkewa ba daga kwamfuta yake ba, daga netwok ne. Ka harbi mutum, sai bayan ɗan lokaci harbin ya isa, ko ɗan wasanka a EA Sports FC ya karɓi umarni a makare. Sabar tana wata nahiya, kai kuma kana kan hospot ɗin waya. Ko furosesarka ta kai 6 GHz, ba ta rage nisan Kano da Turai.

Hujjar da ta fi gamsar da ni cewa yawan GHz ba shi ne gem ba, daga AMD ta zo. A Afrilun 2022 ta fitar da Ryzen 7 5800X3D. An hana ƙara mata lambar ninki, kuma ƙololuwar gudunta 4.5 GHz ne, ƙasa da 4.7 GHz na 'yar'uwarta 5800X wadda take a buɗe. Duk da haka ta doke ta a gem da tazara, har ta riƙa kafaɗa da kafaɗa da Core i9-12900K. Sirrin shi ne rumbun bayanai na kusa da ke jikinta, wanda ake kira L3: 96 MB take da shi, ita kuwa 5800X 32 MB. Furosesa tana ɓata lokaci mai yawa tana jiran bayanai su iso daga RAM. Ka rage mata jiran, ta fi wadda aka ƙara wa gudu aiki.

Inda gudun kyauta yake da gaske

Wannan darasin na 5800X3D shi ke kai mu ga RAM, kuma a nan ne na fi ganin mutane suna asara ba su sani ba. Mai shago ya ce maka 16 GB ce, ka ji daɗi, ba ka tambayi guda nawa ba ce. Sanda ɗaya mai 16 GB tana aiki ne ta hanya ɗaya. Sanda biyu masu 8 GB kowacce suna buɗe hanya biyu, faɗin hanyar bayanai ya ninka. Bambancin yana fitowa fili a waɗancan ƙananan tsayawar da gem ke yi lokacin da aka cika fili da hayaniya. Ga wanda ba shi da katin girafik ma, yana dogaro da na cikin furosesa kamar Ryzen 5 5600G, sanda ɗaya babbar illa ce, domin girafik ɗin da RAM ɗin yake aiki kai tsaye. Buɗe Task Manager, shiga ɓangaren RAM, zai nuna maka ramuka nawa ke aiki da kuma gudun da take yi. Idan madabod ɗinka mai rami huɗu ne kuma sanda biyu gare ka, galibi rami na biyu da na huɗu daga furosesa ake sakawa, amma ka duba littafin madabod ɗin.

A wannan shafin dai za ka iya ganin RAM ɗin da aka rubuta wa 3200 tana gudu a 2133 ko 2400. Ba cutarka aka yi ba, saitin XMP ne ba a kunna ba a BIOS. A madabod na ASUS masu AMD za ka gan shi da sunan DOCP, a DDR5 na AMD kuma EXPO. Daga 2021, da fitowar cifset ɗin B560 da H570, Intel ta bar masu furosesa marar K su ɗaga gudun RAM, haka ma a B660 da B760. Kafin nan, a B460, i5 ba ta wuce 2666. Wannan shi ne obakilok ɗin da ya halatta ga mai furosesa a kulle, dannawa biyu ne, kuma ya fi ɗaga BCLK zuwa 103 amfani nesa ba kusa ba.

Sai iyakar wuta. Furosesocin Intel suna da iyaka biyu: ta ɗan lokaci, da ta dogon zango. Core i7-10700, misali, an yarda ta sha har wat 224 na kimanin daƙiƙa 28, daga nan ta koma wat 65, gudunta ya sauka. Madabod da yawa na haɗi suna barin ka ɗaga iyakar dogon zangon, sai furosesa ta zauna a kan cikakken Turbo ɗinta. Ba ka wuce abin da aka rubuta mata ba, ka dai hana ta sauka ne. A aikina na haɗa manhaja, inda duk ƙwayoyi ke aiki na tsawon mintuna, wannan yana rage jira sosai. A gem ribar ba ta kai haka ba, musamman a kan i5, domin gem ba kasafai yake cika duk ƙwayoyin ba. Kuma sai da fanka mai kyau da madabod da sassan wutarsa za su jure.

Abu mafi arha duka shi ne tsabta. Hunturu ɗaya ya isa ya toshe haƙoran ƙarfen da ke ƙarƙashin fanka da ƙura. Kwamfutar ofis da ta shekara takwas ko goma, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyayawa ya bushe ya zama kamar alli. Kashe ta, cire wayar wuta, hure ƙurar, goge tsohon man, sa sabo ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake. Idan Afterburner ya nuna maka gudun furosesa yana faɗuwa duk lokacin da zafi ya hau, wannan aikin zai dawo maka da gudun da ka riga ka biya kuɗinsa. Ka kuma ɗaga akwatin daga ƙasa, kada ka cusa shi a lungun da iska ba ta shiga.

Idan gwajin ya nuna katin ne ya cika, saitin cikin gem ne abokinka: rage inuwa, rage nisan gani, kunna FSR idan gem ɗin yana da shi, tunda yana aiki a kan katunan AMD da na Nvidia har da tsofaffi. Mai sirirar OptiPlex da ke son ƙara kati, ya nemi gajere wanda ba ya buƙatar wayar wuta ta daban, kamar GTX 1650 mai wat 75 ko RX 6400, ya kuma karanta lambar da ke jikin akwatin wutarsa kafin ya biya.

Na san akwai wanda ba firam ne ya dame shi ba, shi dai yana son ya taɓa, ya gwada, ya ga iya inda ƙarfe zai kai. Wannan sha'awa ce mai kyau, da yawanmu ta nan muka koyi kwamfuta. Shawarata gare shi ita ce kada ya yi kokawa da ƙofar da aka kulle alhali ga wata a buɗe. Ryzen 5 5600 a kan madabod mai B450 ko B550 za ta ba shi lambar ninki, da boltej, da PBO, duk a fili cikin BIOS, ba tare da fayil ɗin da ba a san asalinsa ba. Ya dai kula wajen saye: madabod masu A320 da A520 ba a yi su don wannan ba, ko da furosesar a buɗe take. Ya kuma sani cewa Ryzen tana tura kanta kusa da iyakarta tun daga kwali, don haka abin da zai fi samu shi ne rage mata boltej ta yi sanyi ta riƙe gudunta, wanda a ɗakin da babu na'urar sanyaya iska ya fi ƙarin 100 MHz daraja.